A Yi Tunani Kafin A Tsaga Fata

Jawabin da aka yi a madadin ƙungiyarmu ga 'yan'uwa mutanen zango, alhazai da fatake, a masaukinsu na Ka'akiyya, Makka.

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicce mu, ya kyautata surarmu, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya ku iyayenmu malamai, da dattawan zango, da alhazai da hajiyoyi, da 'yan'uwanmu fatake, na Kumasi da na Ankara da na Tamale da na Salaga, da waɗanda su ke zaune a nan Makka tun kaka da kakanni, muna yi muku barka da zuwa. Mun roƙi a ba mu ɗan lokaci ne domin mu yi magana a kan wani abu da ya daɗe a cikinmu, ya kusa mutuwa, sai ga shi ya sake tasowa da sabon suna. Iyayenmu sun san shi da zane, ko aska, ko shasshawa, ko jarfa. Samarinmu na yanzu kuwa suna kiransa tatu, da inji a ke yi musu. Suna dabam-dabam, amma aikin ɗaya ne, watau a huda fata ko a tsaga ta, a bar mata shaida wadda sabulu ba ya wankewa. Abin da mu ke so mu faɗa gajere ne. Mutum yakan sauya, ra'ayinsa yakan sauya, zamani yakan sauya, amma abin da aka rubuta a fata yana nan har ranar da za a yi masa wanka na ƙarshe. Saboda haka tunani kafin a yi ne ya ke da amfani.

Bari mu fara da mutanen wannan gari da mu ke baƙunta, don kada wani ya zaci al'adar ta baƙar fata ce kaɗai. Mutanen Makka su ma sun yi zanen fuska. Wani Bature mutumin Suwizalan, Burckhardt, ya zo Makka a 1814 ya gani, ya rubuta. Bayansa wani Baturen Ingila, Richard Burton, ya shigo a ɓoye da shigar Musulmi a 1853, shi ma ya ba da labarin. Ya ce a yawancin gidaje idan yaro ya cika kwana 40, sai a kai shi Ka'aba a yi masa addu'a, a komo da shi gida, wanzami ya sa aska ya yi masa tsaga uku uku a ko wane kunci, daga gefen ido har kusa da baki. Sunan wannan zane mashali. Da ya tambayi dalili, sai aka ce masa wai don kada baƙi su sace yara ne, kuma don a san ɗan Makka ko ina ya shiga. To, ku da ku ke yawo cikin gari yau, ku duba fuskokin 'ya'yan Makkawa. Ba za ku ga mashali ba. Abin da kakanninsu su ka riƙe da alfahari, jikoki sun bar shi, ba su kuwa daina zama mutanen Makka ba.

Namu iyayen ma ba don wauta su ka yi ba, kada wani yaro ya fita daga nan ya raina fuskar kakarsa. Zamaninsu zamanin yaƙi ne da hari da kamun bayi. Ba takardar shaida, ba hoto, ba fasfo. Idan aka ga mai aska shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗaya, an san Bagobiri ne. Idan aka ga dogayen tsage, an san Babarbare ne. Haka Mosawa da Dagwamba da mutanen Gwanja, kowa da nasa. Yaron da ya ɓata a hanyar fataucin goro, fuskarsa ce za ta mai da shi gida. Amma fa wannan bukata ta wuce. Yau ko wanenmu ya shigo ƙasar nan da fasfo, an ɗauki hotonsa, an ɗauki zanen yatsunsa. Shaidar da Allah ya halitta a kan yatsa ta isa, ba sai an ƙara wata da aska ba.

Sa'an nan ga maganar addini, wadda ita ce gaba da kome a wurinmu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar da Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya yarda da su, cewa an la'anci mai yin jarfa da wadda ta nemi a yi mata. Malamai sun ce hukuncin ya haɗa maza da mata, an ambaci mata ne don su su ka fi yi a wancan zamani. A Suratun Nisa'i, aya ta 119, Allah ya ba mu labarin alwashin da Shaiɗan ya ci na sa 'yan Adam su jirkita halittar Allah. Littafin Risala ma, na Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, wanda duk almajirin da ya yi nisa a zaure ya karanta, ya kawo wannan hani. Ba sabon wa'azi mu ka zo da shi ba, yana cikin littattafan da ke cikin gafakarmu tun da daɗewa.

Akwai wani misali kusa da mu. Wannan unguwa ta Ka'akiyya, kudu da Harami, gaba da Misfala, ta yi suna da kasuwar sari da kasuwar dabbobi da mayanka. Wanda ya je sayen ragon hadaya ko na layya, me ya ke yi? Sai ya buɗe bakinsa, ya duba ido, ya kama kunne ya jujjuya. In ya ga kunnen a tsage ko a yanke, sai ya ce a kawo wani, gama malamanmu na Malikiyya sun ce in abin ya wuce sulusin kunne, dabbar ba ta isar wa mutum. Kuma Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah ya ga jaki an yi masa lalas a fuska, ya la'anci wanda ya yi. To jama'a, in an hana a ɓata fuskar jaki, in kuma mu da kanmu ba mu yarda mu miƙa wa Allah rago mai tsagaggen kunne ba, yaya za mu yi sakaci da fatar ɗan Adam, wanda Allah ya girmama? Jikin nan ba namu ba ne. Amana ce aka ba mu, za a kuwa tambaye mu yadda mu ka riƙe ta.

Yanzu sai mu juya ga abin da likitoci su ka sani, domin yawancin masu zuwa a yi musu ba su san abin da ke faruwa a jikinsu ba. Fata hawa biyu ce. Ta sama kullum tana saɓewa tana sabuntawa, shi ya sa lalle ya ke gogewa bayan mako biyu ko uku. Ta ƙasa ba ta saɓewa, cikinta ne jijiyoyin jini su ke. Mai jarfa can ya ke kai baƙinsa, zurfin milimita 1 ko 2. A dā da kunkunniyar tukunya ko gawayi a ke yi. Injin lantarki na wannan aiki kuwa, wani mutum Samuel O'Reilly ne ya fara yi masa rajista a birnin Niyu Yok na Amurka a 1891, kuma irin na yanzu yakan soki fata har sau dubbai a minti ɗaya. Ko wane suka ƙofa ce aka buɗe zuwa ga jini. Abin da ke kan allurar, da abin da ke cikin tawadar, da abin da ke hannun mai yi, duk sun sami hanyar shiga.

Babban abin tsoro shi ne ciwon hanta, wanda likitoci su ka raba iri-iri, masu bin jini su ne B da C. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ciwon hanta na B a duniya, wajen miliyan 65 daga cikinsu a Afirka, kuma a wannan shekara ya kashe mutum miliyan 1.1. Mugun halin wannan ciwo shi ne ba ya nuna kansa da wuri. Mutum yana cin kasuwarsa, yana jin garau, shekara 10 ko 20, sai a wayi gari hanta ta lalace, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya. Ƙwayar cutar kuma tana iya zama da ranta cikin busasshen jini a kan aska har kwana 7. Watau askar da aka goge da tsumma aka mayar cikin zabira ran Juma'a, tana iya harbin jaririn da za a yi wa suna ran Laraba. Ƙanjamau ma na iya bin wannan hanya, haka ciwon sarƙe-haƙora, wanda ya ke kashe jarirai cikin 'yan kwanaki. Ba don kome ba ne Ma'aikatar Lafiya ta wannan ƙasa ta ke gargaɗin alhazai ko wace shekara, cewa ranar aski a Mina su nemi wanzamai masu izni, ko wane kai da sabuwar reza. In askin kai, wanda ibada ce, yana bukatar wannan hattara, ina ga suka dubu a kan fata don ado?

Wani zai ce, ai shi shago mai tsabta zai je, inda a ke ɓare sabuwar allura a gabansa. To, allura ke nan, saura tawada. A 2011 a birnin Rochester na Amurka mutum 19 su ka kamu da wata cuta 'yar'uwar tarin fuka a fatarsu, da aka bi sawu sai aka tarar tawadar ce ta zo da ƙwayar cutar tun daga inda aka haɗa ta. A Janairun 2022 ƙasashen Tarayyar Turai su ka sa doka a kan sinadarai fiye da 4,000 da a kan samu a irin wannan tawada, saboda tsoron illarsu. Ku fatake kun san halin kasuwa. Kayan da aka hana a wani wuri ba a teku a ke zubar da su ba, inda ba a bincike su ke nufa. Kuma tawadar ba duka ta ke tsayawa inda aka sa ta ba. Likitoci sun tarar wani sashi nata yakan bi jiki ya taru a kaluluwa, har ta rine.

Akwai kuma wata illa da ta fi kama mu baƙar fata. Wadansu mutane in sun ji rauni, tabon ba ya kwanciya, sai ya taso ya yi tudu, ya wuce iyakar raunin, yana ƙaiƙayi yana zafi. Likitoci na kiransa kiloyid. Duk kun taɓa ganinsa a kunnen yarinya bayan huji, ko a ƙirjin wani, ko a ƙeya. Yakan bi dangi, kuma in an yanke shi sau da yawa yakan komo, wani lokaci ya fi na farko girma. Ba wanda zai iya tabbatar wa mutum tun da fari cewa fatarsa ba za ta yi haka ba. An je neman ado, an komo da abin ɓoyewa.

To, a ce mutum ya tsira daga duk waɗannan, saura da-na-sani. Amurka ce ƙasar da samarinmu ke kallo a waya suna kwaikwayo, sai mu ji abin da su da kansu su ka ce. Wata cibiyar bincike mai suna Pew ta tambaye su a 2023, ta samu kashi 32 cikin 100 na manyansu suna da tatu, kuma cikin masu shi kashi 24 cikin 100 sun ce sun yi nadamar wani daga ciki. Kusan mutum ɗaya ke nan cikin huɗu, a ƙasar da ba a ganin abin da aibi. Ku gaya mana, wane ɗan kasuwa ne a nan zai sari kayan da ya san ɗaya cikin huɗu na masu saye za su komo suna kuka, kuma ba a mayarwa?

Hanyoyin nadamar sanannu ne. Saurayi ya rubuta sunan yarinya a damtse, aka ba wani ita, shi kuwa zai shiga ɗakin amaryarsa da sunan wata a jikinsa. Wani ya zana tambarin ƙungiyar ƙwallo ko fuskar mawaƙi yana ɗan shekara 18, yau ga shi da furfura, 'ya'yansa na tambayarsa ko wane ne wannan. Wani ya je neman aikin soja, aka ce ya tuɓe riga, daga nan maganar ta ƙare, gama sharuɗɗan ɗaukar soja a Nijeriya da Ghana sukan hana mai tatu. Wani kuma, da kyakkyawar niyya, ya sa aka rubuta masa sunan Allah ko aya a hannu, bai tuna ba cewa da wannan hannu zai shiga bayan gida ko wace rana. Laya a kan cire ta a rataye, wannan kuwa ba ta ciruwa. Ku kuma da ku ka ɗaura harami kun gani da idonku, mayafi biyu ne kawai, ƙirji da kafaɗa da damtse duk a waje. Abin da babbar riga ta rufe shekara da shekaru, ranar nan sai ya fito.

Wadansu na yaudarar yara da cewa ai yanzu akwai na'urar gogewa. Akwai, leza a ke kiranta, haske ne mai ƙarfi da ke farfasa tawadar ƙanana-ƙanana don jiki ya kwashe. Amma ba zuwa ɗaya ba ne. A kan koma sau 6, ko 10, ko fiye, tsakanin ko wane zuwa mako 6 ko 8, watau aikin shekara guda ko sama da haka. Yana da zafi, kuɗinsa kuma ya ninka na yin zanen sau da yawa. Ga baƙar fata abin ya fi wuya, domin hasken ba ya rarrabe baƙin tawada da baƙin fata sosai, sai wurin ya yi fari-fari kamar ƙuna. Tsagar aska kuwa tabo ce, leza ba ta mai da fata yadda Allah ya yi ta. Shiga da arha, fita da tsada.

Muna roƙon iyaye su saurara da kyau a nan. Babba in ya kai kansa, shi ya zaɓa. Jariri ɗan kwana 7 ba a shawarce shi ba, shi kuwa zai ɗauki abin har tsufa, a makaranta, da wurin aiki, da garin da ba a san ma'anar zanen ba. A Nijeriya dokar kare haƙƙin yara ta 2003, sashe na 24, ta hana a yi wa yaro jarfa ko zane, ta sa tara ko ɗauri a kan wanda ya yi. Haka nan tsagar magani, wadda a kan yi wa yaro a ciki ko a goshi in yana zazzaɓi ko taune-taune, a shafa gari a ciki. Zazzaɓin cizon sauro ba ya fita ta bakin aska. Jinin da yaron ke bukata ne ya ke zuba, lokacin da ya kamata a kai shi asibiti kuma yana wucewa. Ba mu zo don mu kashe wa wanzamai sana'a ba. Su ne abokan sunanmu da kaciyarmu, muna girmama su. Abin da mu ke nema gare su shi ne sabuwar reza ga ko wane mutum, in kuma uwa ko kaka ta ce a yi wa yaro zane, su zama na fari da za su ba ta haƙuri.

Saura waɗanda abin ya riga ya same su, kuma da yawa daga cikinmu da ke zaune a nan muna ɗauke da askar gidajenmu. Wanda aka yi wa yana ƙarami ba shi da laifi ko kaɗan, alhakin ba a kansa ya ke ba. Wanda ya yi da girmansa cikin rashin sani ko ƙuruciya, ƙofar tuba a buɗe ta ke. Alwalarsa ta yi, wankansa ya yi, gama tawadar tana ƙarƙashin fata, ba ta tare ruwa. Malaman Shafi'iyya, kamar Imam Nawawi, sun ce a gusar da shi in zai yiwu ba tare da cuta ba. Malamanmu na Malikiyya kuwa, kamar Nafrawi mai sharhin Risala, sun ce ba a tilasta masa ya ƙone shi, an yi masa rangwame, sallarsa ta inganta. Hajjinsa ma haka. Saboda haka kada wani ya ɗauki ruwan batir, ko dutsen guga, ko reza, ya ce zai kankare da kansa. Wannan gyaran ɓarna ne da ɓarnar da ta fi ta. Kada kuma mu kore irin waɗannan samari daga sahu, ko mu riƙa nuna su da baki. Yaron da aka kunyata a ƙofar masallaci, ba gida zai koma ba, wurin waɗanda su ka yi masa zanen zai koma.

Ga iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata, Musulunci bai hana ado ba. Ga lalle, ga tozali, ga kitso, duk halal ne, yau a yi, gobe a sake wani. Sai dai a yi hattara da baƙin lallen nan da a ke haɗawa da dayis na rinin gashi, wanda a ke sayarwa a kasuwanni har a sa cikin tsaraba. Akwai wani sinadari a cikinsa da ke sa fatar wadansu ta yi bororo ta saɓule, har ya bar tabo daidai siffar zanen. Lallen gargajiya ja ne, yana kuma ɗaukar lokaci kafin ya kama. Wanda ya yi baƙi ƙirin nan da nan, a tambayi abin da aka zuba a ciki.

Abin da ƙungiya ta ke roƙo, in Allah ya mai da mu gida lafiya, abu huɗu ne. Na ɗaya, ko wane mai gida ya hana a tsaga jariri a gidansa, ko don gado, ko don magani. Na biyu, duk wanda aka taɓa yi wa zane ko jarfa ko tatu, ya je asibiti a auna jininsa saboda ciwon hanta, in an tarar ba shi da shi ya karɓi allurar rigakafi ta B, a kuma tabbata an yi wa jarirai tasu tun ranar haihuwa. Na uku, limamai da malaman makarantun allo da na Islamiyya su riƙa yi wa samari wannan bayani da taushin harshe, tun ba su je ba. Na huɗu, kai saurayi, in zuciyarka ta raya maka, ka ba kanka shekara guda, ka kuma tambayi wanda ya yi nasa shekara 10 da su ka wuce, ka ji abin da zai gaya maka in ba kowa a wurin. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya karɓi ibadarmu, ya sa albarka a cikin fataucinmu, ya shirya mana zuriya, ya gafarta wa iyayenmu da kakanninmu. Allah ya ba mu ikon mayar da amanarsa yadda zai yarda da mu. Amin. Haza wasalam.